Fuskar sarki a kan jan ƙarfe: amsa kan hoton Louis na 14

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Na ga wani tsohon hoton Sarkin Faransa Louis na 14, baƙi da fari, an ce wani Pierre Drevet ne ya sassaƙa shi a kan ƙarfe tun kafin a san kyamara. Babu launi ko ɗaya, amma ina iya bambance karammiski da siliki da gashin dabba. Yaya aka yi haka da hannu? Me ya sa sarkin ya riƙe sandarsa a kife, kambinsa kuma yana ajiye a gefe? Kuma anya fuskar nan tasa ce?

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Ka yi dace da hoton da ka fara da shi, don a wannan sana'a kaɗan ne suka kai Drevet hannu. Na daɗe ina koyar da buga zane, kuma har yau in na ajiye wannan hoton a gaban ɗalibai sai ka ga sun matso da fuska suna neman inda aka ɓoye launin. Bari mu fara da aikin hannun.

Allo ne na jan ƙarfe, kaurinsa bai wuce milimita biyu ko uku ba, a goge shi har mutum ya ga fuskarsa a ciki. Abin sassaƙar kuwa ɗan siririn ƙarfe ne mai tauri, an fere bakinsa a karkace, an sa masa dunƙulalliyar ƙota ta itace wadda ke zama a tsakiyar tafin hannu. Turawa na ce masa burin, ni kuwa alƙalamin ƙarfe nake ce wa ɗalibaina. Tura shi ake yi da tafin hannu, yana tafiya yana tayar da zaren jan ƙarfe a gabansa kamar yadda garma ke tayar da ƙasa. In aka zo lanƙwasa, hannun dama yana nan inda yake, allon ake juyawa da hagu a kan ɗan matashin fata da aka cika da yashi. A makona na farko a wannan aiki na sa hannun hagu a gaban bakin ƙarfen, ya kuɓuce, tabon yana nan a gindin babban yatsana. Duk wanda ya koyi sana'ar nan yana da irinsa.

In an gama sassaƙa sai a shafe allon da tawada mai kauri, a cusa ta cikin tsagogin, a share saman da ƙyalle, a ƙarasa da tafin hannu, har ya zama tawada ta rage a cikin tsaga kaɗai. Sai a ɗora takarda mai ɗan danshi, a rufa bargo, a tura su tsakanin gungume biyu na injin matsi. Ƙarfin matsin ne ke cusa takardar cikin kowace tsaga ta kwaso tawadar. Shi ya sa layukan ke ɗan tasowa a kan takarda, gefen allon kuma ya bar shaidarsa kewaye da hoton. Ba sai ka je Faransa ba kafin ka ji wannan: sami sabuwar takardar naira 200, ka shafa yatsa a kan rawanin Sardauna, za ka ji ɗan kaushi. Jikan wancan aikin ne.

Ka kuma tuna cewa duk abin da ke kan allo a juye yake fitowa, dama ta koma hagu. Dole mai sassaƙa ya yi aiki da madubi, rubutu ma a baibai yake yin sa. In ya yi kasala ya kwafi zanen yadda ya gan shi, sai sarki ya fito da takobi a kwiɓin dama kamar bahago. Akwai tsofaffin hotuna masu arha da yawa da ke da wannan aibin, kuma da shi ake saurin gane aikin kasuwa.

Yanzu ga sirrin da ya ɗaure maka kai. Abu biyu kawai mai sassaƙa ke da su, baƙin layi da farin takarda. Ruwan toka babu shi, idonka ne ke haɗa shi daga nesa. In ya danna hannu, tsagar ta yi zurfi da faɗi, ta ɗauki tawada da yawa. In ya sassauta, ta sirance har ta ɓace. Saboda haka layi ɗaya yana iya farawa kamar gashi, ya kumbura a tsakiya, ya sake sirancewa, kuma wannan kumburin ne ke sa kunci ya yi tudu, hannun riga ya yi zagaye. A kan wannan ne kowane irin kaya ya sami nasa rubutun. Karammiski yana shan haske, don haka ake yi masa layuka matsattsu, wasu kan wasu, sai a bakin ninki kaɗai a ɗan buɗa su. Siliki kuwa tofar da haske yake yi, sai a ja masa dogayen layuka a jere waɗanda ke yankewa kwatsam su bar farin takarda tsirara. Gashin dabba gajerun tsagogi ne da ke bin kwanciyar gashin, da farin fili mai yawa a tsakani. Fatar mutum ita ce mai wuya: layuka sirara ƙwarai, a gicciya su a karkace su ba da ƙananan gidaje, a ɗiga ɗigo a cikin kowane gida don inuwar ta yi laushi. Ka sami gilashin ƙara girma ka duba kuncin sarkin, sannan ka duba safarsa, za ka ga kamar ba hannu ɗaya ya yi su ba. Babban allo irin wannan yakan ci wa mutum shekara, wani lokaci fiye.

Wasu sun kai abin ga nuna isa. A 1649 Claude Mellan ya yi fuskar da Kiristoci ke ɗauka ta Annabi Isa ce da layi ɗaya tal, ya faro daga kan hanci yana kewayawa kamar nadin faifai har ya cika takardar, kumburi da sirancewar layin kaɗai suka fitar da ido da gashi. Ni dai ina ganin ya fi burge masu sana'a a kan masu kallo.

Akwai kuma inda layin kansa yake faɗar launi kai tsaye. Yawancin hotunan sarakuna suna da tambarin gidan sarauta a ƙasa, kuma launin tambari ba abin wasa ba ne a wurinsu. Sai aka yi ƙa'ida, wadda wani malamin coci mai suna Petra Sancta ya yaɗa a 1638: layuka a kwance shuɗi ne, a tsaye ja, ɗige-ɗige zinariya, fili ba komai azurfa. Tambarin sarakunan Faransa shuɗi ne da furanni uku na zinariya, don haka in ka ga garkuwa mai layuka a kwance, wanda ya san ƙa'idar shuɗi yake gani.

Kafin mu bar aikin hannu, ka riƙa karanta ƙananan rubutun Latin da ke ƙasan hoto. Sunan da ke da pinxit shi ne mai zanen fenti na asali, mai sculpsit shi ne ya sassaƙa, mai excudit shi ne ya buga ya sayar. In ka ga ad vivum, ana nufin mai aikin ya zauna gaban mutumin ya zana shi da idonsa. Robert Nanteuil, wanda ya rasu a 1678, da wannan ya yi suna: shi ke zana Louis da kansa, shi ke sassaƙawa. A zamaninsa ne, a 1660, sarkin ya yi dokar da ta fitar da masu sassaƙa daga sahun 'yan sana'ar hannu ta sa su cikin masu fasaha. Mafi yawan hotuna dai hannu biyu ko uku suke bi. Misali na kusa da gida shi ne hoton Shehu Muhammad al-Amin al-Kanemi na Borno da ke cikin littafin tafiyar Turawan Ingila Denham da Clapperton na 1826. Denham, wanda ya isa Kukawa a 1823, shi ya zana, Edward Finden kuma ya sassaƙa a Landan. Duk abin da Denham bai fitar sosai ba a nadin rawani ko zaman riga, hannun mutumin Landan ne ya cike shi da abin da ya saba.

Hoton da ka gani shi ma hannu biyu ya bi. Hyacinthe Rigaud ne ya yi shi da fenti a 1701, tsayinsa ya kusa mita uku, yana gidan tarihi na Louvre yanzu. Da farko don jikan sarkin aka yi shi, Philip na 5 da ya hau gadon Sifaniya, amma da aka ga yadda ya fito sai aka riƙe shi a fadar Versailles. To zane ɗaya a bango ɗaya mutum nawa za su gani? Shi ya sa aka ba Drevet aikin mayar da shi kan jan ƙarfe, ya fito wajen 1712, don a buga ɗaruruwa a aika wa jakadu da gwamnoni da fadojin wasu ƙasashe. Wannan shi ne amfanin sana'ar a wurin masu mulki.

Kayan da ke cikin hoton kusan duk na ranar naɗi ne. An yi wa Louis bikin naɗi a birnin Reims a 1654, shekara 11 bayan ya gaji mahaifinsa, kuma ba da wannan alkyabbar yake yawo a fada ba. Shuɗin karammiski ce mai furannin zinariya, cikinta kuma farar fatar wata ƙaramar dabba mai kama da tunku, wadda gashinta ke komawa fari a lokacin sanyi sai bakin wutsiya kaɗai ya rage baƙi. Baƙaƙen ɗigon da kake gani wutsiyoyin ne, kuma sarakuna da manyan alƙalai aka san su da sa ta. Takobin da ke kwiɓinsa shi ne wanda Faransawa ke dangantawa da Sarki Charlemagne, suna kiran sa Joyeuse. Kamar yadda Katsinawa ke riƙe da Gajere, takobin Korau, darajarsa ta wanda ya fara riƙe shi ce, ba ta kaifi ba. A kan matashi, kusa da kambi, akwai wata sanda mai ɗan hannun hauren giwa a kanta, yatsu uku a miƙe, alamar cewa shari'a a hannun sarki take. A gindin ginshiƙin da ke bayansa an zana mace riƙe da ma'auni da takobi, ita ma adalci take nufi. Ginshiƙin kansa yana nufin kafuwar mulki, labulen da aka yaye a sama kuma shi ke yin aikin laima.

Sandar da ya kifar ta kakansa ce, Henri na 4, wanda ya kafa gidansu a kan gadon. Ya juya kanta ƙasa, ya dogara ta a kan matashi kamar sandar yawo. A fahimtata nan ne wayon hoton yake. Yaron da aka naɗa jiya shi ke ƙanƙame sanda, ya danna kambi a ka don kowa ya gani. Wannan mutumin ya hau gado a 1643 yana ɗan shekara huɗu, a lokacin zanen ya kusa shekara 60 a kai. Hoton yana cewa kayan sarauta sun zama kayan gidansa, yana iya ajiye wannan, ya jingina da wancan, ba wanda zai yi tantama. Tsayuwar ma haka: hannu a ƙugu, ƙafa ɗaya gaba, alkyabba an yaye ta gefe don ƙafafun su fito.

Ƙafafun nan su ne suka kai mu ga tambayarka ta ƙarshe. A 1701 Louis yana da shekara 63, ciwon gaɓɓai ya kama shi, haƙoransa na sama da yawa an cire su tun 1685. Dubi bakin a hoton, za ka ga ya ɗan loɓa, kumatu sun sauko. Rigaud bai ɓoye wannan ba, Drevet ma ya bi shi da aminci. Amma daga wuya zuwa ƙasa jikin saurayi ne mai rawa. Louis ya yi rawa a gaban jama'a a ƙuruciyarsa, a 1653 ma ya fito a matsayin rana mai fitowa, kuma waɗannan ƙafafun na wancan lokacin aka ba tsohon. Takalman a zanen fenti jar dunduniya gare su, abin da sai 'yan fada ke sawa. Abin da ya fi ba ni sha'awa shi ne yadda aka yi aikin: a kan wani ɗan ƙyalle dabam Rigaud ya zana kan sarkin lokacin da ya zauna masa, daga baya aka ɗinke shi cikin babban. Wato kan na Louis ne, sauran na sarauta ne. Bahaushe ba zai sha wahalar gane wannan ba. Sarki ya fito a hawan salla, amawali ya rufe baki, rawani ya sauko goshi, abin da ake gani na fuskarsa bai wuce tafin hannu ba, amma daga ƙarshen layi kowa ya san shi ne saboda laima da kunnen rawani da alkyabba.

Da zarar ka gane haka, sauran hotunan sarakunan Turai za su buɗe maka. Ɗauki Sarauniya Elizabeth ta 1 ta Ingila. Tun 1563 fadarta ta rubuta daftarin doka don hana kowa zana ta sai da samfurin da aka amince da shi, a 1596 kuma majalisarta ta ba da umarnin a nemo hotunanta marasa kyau a lalata. A wannan shekarar Crispijn de Passe, wanda ke aiki a birnin Kolon na Jamus, ya fitar da hotonta tana tsaye tsakanin ginshiƙai biyu, sanda a hannu ɗaya, ƙwallon duniya mai gicciye a ɗayan, jiragen ruwa a bayanta. A kan ginshiƙi ɗaya kwasakwasa ce, wadda almarar Turawa ke cewa tana tsaga ƙirjinta ta shayar da 'ya'yanta jini, wato uwar talakawa. A kan ɗayan tsuntsun almara ne da ke ƙonewa ya sake tashi daga tokarsa, guda ɗaya tak a duniya, wato sarauniyar da ba ta yi aure ba kuma ba ta da na biyu. Ginshiƙan biyu kuwa tambarin Sarki Charles na 5 ne, mai Sifaniya a da, kuma shekara takwas kacal da Ingila ta tarwatsa rundunar ruwan Sifaniya a 1588. Gori ne aka yi da zane. Fuskar fa? Ita ma shekararta 63, amma ba ka ganin tamoji ko ɗaya.

Sarki Charles na 1 na Ingila ya fi kowa cin moriyar wannan fasaha, sai dai bayan ransa. An sare masa kai ranar 30 ga Janairun 1649. Cikin 'yan kwanaki wani littafi mai suna Eikon Basilike ya fito da sunansa, da hoto a farko wanda William Marshall ya sassaƙa. In ka duba aikin hannun, bai kama ƙafar Drevet ba, layukan a sandare suke. Amma alamomin sun yi magana: sarki a durƙushe, kambin duniya a ƙasa wajen ƙafarsa, kambin ƙaya a hannunsa, idonsa a kan wani kambi a sama. A gefe ga dutse tsaye cikin teku mai hauka, ga dabino da aka rataya wa nauyi yana ƙara miƙewa. An buga littafin fiye da sau 30 cikin shekara guda, kuma hoton ya taimaka wajen mayar da wanda aka yanke wa hukuncin cin amanar ƙasa ya zama shahidi a idon mutane da yawa.

Sai labarin da nake ba ɗalibai su yi dariya. Mai zanen fenti Van Dyck ya zana Charles a kan farin doki a 1633. A zamanin Oliver Cromwell, mutumin da ya jagoranci kifar da sarautar, wani mai sassaƙa Bafaranshe, Pierre Lombart, ya kwafi dokin da sulken da zaman sirdin duka, ya ɗora kan Cromwell. Jan ƙarfe yana da laushi: a kankare wurin, a buga shi da guduma ta baya ya taso daidai da sauran, a goge, a sake sassaƙa. Da iska ta juya sai aka kankare kan. Akwai bugun da ya fito da mahayi ba kai sam, akwai mai wani kan da ake zaton na Louis na 14 ne yana matashi, akwai mai kan Charles, akwai wanda aka sake mayar da Cromwell. Doki ɗaya, allo ɗaya. Masu tara hotuna suna kiran kowane sauyi na allo mataki, kuma suna biyan kuɗi mai yawa don su haɗa matakan wannan. Watannin da aka kashe kan doki da sulke ba a zubar da su, kan ne mai sauƙin canji.

Duk da haka kada ka ɗauka fuska ba ta da aiki. A 1840 da Ingila za ta fitar da takardar manna wa wasiƙa ta farko a duniya, baƙa mai kuɗin kwabo ɗaya, fuskar Sarauniya Biktoriya aka zaɓa, kuma ɗaya daga cikin dalilan shi ne hana jabu: idon mutum yana saurin kama ɗan kuskure a fuskar da ya saba gani fiye da a kowane irin ado. Charles Heath da ɗansa Frederick ne suka sassaƙa kan a kan baƙin ƙarfe. A lokacin an bar dogaro da jan ƙarfe ga irin wannan aiki, don matsi yana cinye shi, layuka sirara su dushe. Hanyar Jacob Perkins aka bi: a sassaƙa sau ɗaya, a ƙona ƙarfen ya yi tauri, a danna shi jikin wani naɗaɗɗen ƙarfe, shi kuma a birgima shi sau 240 a kan babban allo. An buga wajen miliyan 68. Samfurin kan daga wata lambar girma ta William Wyon aka ɗauko shi, shi kuma ya zana Biktoriya ne tun 1834, tana 'yar shekara 15. Da wannan fuskar ta budurwa aka ci gaba a takardun wasiƙar Ingila har ta rasu a 1901 tana da shekara 81.

Irin waɗannan takardun ne suka iso ƙasar Hausa da zuwan Turawa. Na farko da aka buga da sunan Arewacin Nijeriya, a 1900, kan Biktoriya ne a jiki, daga 1902 kuma na ɗanta Edward na 7. Mutanenmu suka duba abin da ke kan 'yar takardar suka sa mata suna da shi. Yau ko tsuntsu ne a jiki, ko gada, ko tutar ƙasa, in ka shiga gidan waya kan sarki za ka ce a ba ka.